Takardar da Babu Rantsuwa a Cikinta

Labarin rasuwar Malam Lawali ya same ni a bakin titi a Tsafe, ranar Alhamis bayan azahar, ina zaune a rumfar wani mai goro, ina gadin motar da ta kwana biyu ba ta motsa ba. Ba ni aka zo gaya wa ba. Wasu dattawa biyu ne suka sauko daga motar Gusau suka tsaya sayen goro, ɗayansu yake ce wa mai rumfar daga jana'iza suke a Bungudu, wani malamin makarantar Furfuri ne Allah ya yi wa rasuwa da asuba, abin tausayi, ango ne, jibi za a ɗaura masa aure. Na tambayi sunansa, ko da yake na riga na sani, domin malami ɗaya ne a Furfuri zai yi aure ranar Asabar ɗin nan, kuma saboda aurensa na baro ƙasar Gambiya inda nake koyarwa. Dattijon ya faɗi sunan. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na yi ta maimaitawa.

Yau kwana arba'in ke nan. Masu zuwa ta'aziyya sun ragu, an naɗe tabarmin ƙofar gida, ni kuwa har yanzu ji nake ban bar rumfar nan ta Tsafe ba. Na ɗauki alƙalami ne don in faɗi ko wane ne Lawali ga waɗanda ba su san shi ba, in kuma faɗi abin da na yi masa, domin na kasa riƙe shi ni kaɗai.

A makarantar horon malamai a Gusau muka haɗu, ɗaki ɗaya aka ba mu. Ni mutum ne mai zafin kai da yawan surutu, kuma tun ina yaro ba na iya haɗa magana uku ban ce wallahi ba. Ko ruwa na sha na ji sanyinsa sai na rantse. Shi kuwa Lawali sai ka wuni da shi ba ka ji ya ɗaga murya ba. Satinmu na farko ya raɗa mini suna Sarkin Rantsuwa, sunan ya bi ni har yau. In na fara sai ya ɗaga hannu ya ce, "Umaru, ajiye wallahin, na yarda tun kafin ka buɗe baki." Abin yakan ba ni haushi, in yi ta faɗa ni kaɗai, shi kuma yana goge mana kayan makaranta, nawa da nasa, bai taɓa tambayar me ya sa kullum shi ke gugar ba.

Da muka gama, aka tura shi Furfuri. Daga gidansu a Bungudu yake zuwa a kan keke, damina da rani, kuma abokan aikinsa sun shaida mini ba su taɓa riga shi isa ba. Amma mutanen garin ba da koyarwa kaɗai suka san shi ba. Shi ne mai karanta musu takarda. Matan da mazansu suka tafi ci-rani kudu, da tsofaffin da 'ya'yansu ke aikin soja, wurinsa suke kawo wasiƙa bayan an tashi makaranta, ya zauna ƙarƙashin darbejiya ya karanta a hankali, sau biyu, ba ya tsallake ko gaisuwa. Akwai ranar da na ziyarce shi, ya karanta wa wani tsoho takardar ɗansa, da tsohon ya tafi sai ya ce mini yaron nan ba shi da lafiya. Na ce ina ka gani, ai ya rubuta lafiya lau yake. Ya ce a takardunsa duk yakan tambayi shanun huɗa da sunansu, wannan kuwa bai tambaya ba. Washegari ya je ya lallaɓi tsohon ya tura ƙanen yaron ya dubo shi, aka same shi a kwance. Lawali yakan ce shi in yana karanta takarda ya fi sauraron abin da mutum ya bari bai rubuta ba. Na sha jin wannan magana daga bakinsa, kuma na manta da ita a lokacin da ya kamata in tuna.

Da aka ɗauke ni koyarwa a Gambiya na shekara biyu, shi ya raka ni tasha. Bayan tafiyata duk Juma'a sai ya taka kekensa zuwa Gusau ya gaida mahaifina, wanda idonsa ya yi rauni, ya karanta masa wasiƙuna, ya rubuta masa amsa. Ban roƙe shi ba, kuma bai taɓa ambata mini ba. Daga rubutun hannun na gane.

Wata uku kafin rasuwarsa takardarsa ta iso mini, cewa an sa ranar aurensa da Hadiza, 'yar maƙwabtansu, kuma ni ne babban aboki, ba ya son kowa ya tsaya a damansa ranar ɗaurin aure in ba ni ba. Ranar na je na sami shugaban makarantarmu, ya ba ni izini, domin abin ya faɗo cikin hutu. Sai shaiɗancin wasa ya zo mini. Shekara goma sha biyu muna tare ban taɓa ganin Lawali ya ruɗe ba, ban taɓa ganin abu ya zo masa ba shiri ba. Na ce wannan karon sai na ga bakinsa a buɗe. Na zauna na rubuta masa shafi biyu cur, cewa an hana ni izini, hanya ta yi nisa, ya yi haƙuri ya nemi wani. Na tsara ƙaryar nan tsaf, har ina yi wa kaina dariya. Ko mahaifina ban sanar da shi ina tafe ba, don na san ranar Juma'a maganar za ta kai kunnen Lawali.

Na sauka Kano, na shigo motar Gusau ta Funtuwa ranar Talata. Lokacin wahalar man fetur ne, wadda duk wanda ya yi tafiya a bana ya ɗanɗana. Muna shiga Tsafe motar ta yi tari ta mutu. Direba ya ɗauki jarka ya ce yanzu zai dawo, bai dawo ba sai washegari, kuma hannu wofi. Akwatina yana saman mota a ɗaure, an jibga masa buhunan wake da kwanon rufi, yaran mota suka ce ba mai kwance igiya sai an isa Gusau. Motocin da ke wucewa kaɗan ne, kowace a cike har ƙofa. Ga zafin bazara, ga ƙuda, fasinjoji suna ta zagin direba, ni na fi kowa ɗaga murya. Amma in zan faɗi gaskiya, a cikin raina ban damu sosai ba. Aure sai Asabar. In na isa da wuri ma ina zan ɓuya a Gusau, garin da kowa ya san ni? Na ga kamar Tsafe ta yi mini maɓoya.

Ranar Laraba da la'asar ina tsaye gefen motar sai ga Yaya Mande, wan Lawali, a kan babur. Ya tsaya wurin masu sayar da mai a kwalba, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Bayan babur ɗinsa babu kowa. Na ga yana waige-waige, yana duban fasinjojin da ke zube a inuwa ɗaya bayan ɗaya. Na lura fuskarsa ba ta mai hidimar biki ba ce, amma na ce gajiya ce. Abin da ya zo mini kawai shi ne in ya gan ni wasa ya ɓaci. Na ja hulata na rufe goshi, na zagaya bayan mota na tsuguna kamar mai duba taya, ina danne dariya. Ina nan tsugune har na ji ƙarar babur ɗin ta yi nisa ta hanyar Gusau. Na miƙe ina jin daɗin wayona.

Washegari dattawan nan biyu suka zo sayen goro.

Na bar akwatin da duk abin da ke cikinsa, na tsaya tsakiyar titi har wata motar itace ta tsaya, na hau saman itacen. Ashe da ma ana iya barin Tsafe. Na isa Bungudu gab da magariba, na tarar an riga an kai shi tun da hantsi, rumfar da aka kafa don biki ita ce mutane ke zaune a ciki suna karɓar gaisuwa. Zazzaɓi ne da ciwon kai ya kwantar da shi ranar Litinin, kwana uku kacal. Ban ga fuskarsa ba, ban sallace shi ba, ban ɗauki makararsa ba.

A kwana na uku Inna, mahaifiyarsa, ta aiko in shiga. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta kwance. Manyan riguna biyu ne na farar shadda, ɗinki ɗaya, aiki ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya tsawo domin na fi shi tsayi. A tsakaninsu ga takardata a ninke. Na ce Inna, ai na rubuto masa ba zan zo ba. Ta ce ta sani, a gabanta ya karanta, sau biyu kamar yadda ya saba, sannan ya yi dariya har da hawaye, ya tashi ya tafi wurin tela.

"Cewa ya yi, Inna, shafi biyu Umaru ya cika babu wallahi ko guda. In gaskiya ce da ya rantse sau goma. Shina nan tahe."

Ban san na tsallake rantsuwa a takardar nan ba. Hannuna ne ya ji tsoron Allah ya ƙi rubuta ta a kan ƙarya, ni ban lura ba, shi ya lura. Na ji wani sanyi a ƙirjina, domin abin da ya fi ci mini rai tun daga Tsafe shi ne Lawali ya tafi yana zaton na ƙi zuwa aurensa. Ashe ko rana ɗaya bai zata ba.

Sanyin bai daɗe ba. Da na fito na sami Yaya Mande shi kaɗai a zaure, na ga ba zan iya ci gaba da cin abincin gidan nan da wannan abu a cikina ba. Na gaya masa ina Tsafe ranar Laraba, na gan shi, na ɓuya. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ya je Tsafe ne sanar da kawunsu jikin Lawali ya yi tsanani, kuma da zai fita Lawali ya kira shi ya ce ya duba bakin titi da kyau, Umaru yana hanya, in ya gan shi ya ɗauko shi. Ya ce ya ɗauka zafin zazzaɓi ne ke sa shi magana, amma duk da haka ya duba. Har ya hango wani mai tsayina ya zagaya bayan mota, ya ce a ransa ai Umaru ya rubuto ba ya zuwa.

"Shi bai yarda da takardar ba," in ji Yaya Mande. "Ni na yarda."

Ya ce da ya koma, Lawali yana cikin hayyacinsa, ya tambaye shi ko ya gan ni. Ya ce masa a'a. Lawali ya ce to, sai gobe ke nan. Yaya Mande bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, ya ce kwana ne ya ƙare, ko na hau babur ɗin ba zan ƙara masa numfashi ɗaya ba. Na san haka ne, na yi imani da haka. Amma da na hau, da na riƙe hannunsa, da ya ga rigar da ya ɗinka ta sami mai ita. Ina jin kunya, ina jin haushin kaina, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, ba direba ba, ba wahalar mai ba.

Hutuna ya ƙare tuni, an aiko mini daga makaranta sau biyu, na kasa tafiya. Hanyar Kano ta Tsafe take bi, ni kuma ban san yadda zan wuce rumfar nan ba. Rigar tana rataye a ɗakina, ban sa ba, ban iya bayarwa ba. Juma'ar da ta wuce na zauna zan karanta wa mahaifina wata takarda, ya ce in rage sauri, Lawali ba haka yake karantawa ba.

Lawali, ka ga na rubuta duk wannan ban rantse ba, kuma wannan karon babu ƙarya a ciki. Tun ranar da Inna ta kwance ƙunshin nan kalmar ta yi mini nauyi a baki. Sau ɗaya kawai zan faɗe ta, ko da za ka ɗaga hannu ka ce in ajiye: wallahi na zo.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya sa kowace takarda da ya karanta wa marar ido da marar karatu ta zama shaida a gare shi ranar da za a ba kowa tasa takardar, ya karɓa da hannun dama. Allah ya ba Inna haƙurin wannan rashi, ya dafa wa Yaya Mande da sauran 'yan'uwa, ya sanyaya zuciyar Hadiza, ya musanya mata da alheri. Allah ya ba mutanen Furfuri wanda zai zauna musu ƙarƙashin darbejiya. Ni kuma Allah ya yafe mini wasan da na yi, in tawa ta zo ya sa in cika da imani, ya haɗa ni da abokina a inda zan tsaya a damansa kamar yadda ya nema. Amin.