Ranar da Aka Nuno Autana a Talabijin

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don tsoron kada in ƙara ko in rage.

Muna kallon labarai, sai ga autana, ɗan shekara sha biyar, a bakin gadar Garwa, riƙe da kifin da na aike shi saye. Gida ya ruɗe! Na rangaɗa guɗa, yayarsa ta daka tsalle ta zubar da kunu, muka buga wa dangi waya har Ngawundere. Ihunmu bai bar kowa ya ji bayanin ba.

Washegari maƙwabciyata ta ce, "Yaya, ai labarin 'yan ƙwaya ne." Ta hana ɗanta yawo da autana.

Don Allah, wanda ya ji abin da aka faɗa kan yaro mai kifi, ya sanar da ni.