Suturar Lucas Tela

Sunanta Magdalena, amma duk unguwar Diobu ta Fatakwal Maman Christy muke kiranta. Mutuniyar kudancin Zariya ce, gajera, mai ƙarfin murya. Gida ɗaya muka yi haya a shiyyar Mile 2, ɗakinsu na kallon nawa. Ni albasa nake sayarwa, ita waina take toyawa a bakin titi, mijinta Lucas kuma tela ne. Shi ke ɗinka wa rabin 'yan Arewan unguwar kaftani, shi ma kullum cikin kaftani da hula yake. In ba ka ga ya nufi coci ran Lahadi ba, sai ka rantse ɗan liman ne. Tef ɗin awonsa ba ya barin wuyansa, ta ma ɗaura masa jan zare a baki don kada ya ɓace cikin na sauran teloli.

Tana da wani tulu da ba a zuba masa ruwa, na kiɗan zumuntar mata ne. Ran Alhamis matan cocinsu kan taru a tsakar gidanmu, tana dukan bakin tulun da tafin hannu, suna waƙar yabo da Hausa. Nakan ce, "Maman Christy, ku bar mu mu ji kiran salla mana."

Sai ta ce, "Na'Allah, warin albasa ne ya toshe maka kunne, ba tuluna ba." Amma da ladan ya ɗaga murya, sai ta ɗaga hannu su yi shiru.

A shekarar sittin da shida, bayan kashe-kashen da aka yi a Arewa, Fatakwal ta juya mana. Mutanen garin suna ganin nasu na dawowa da raunuka, fushin ya sauka a kanmu. Ba mai tambayar ko kai Musulmi ne ko Kirista, kaftani da Hausa sun isa. Aka tara mu a tashar jirgin ƙasa, 'yan sanda na gadi, ana kwasarmu zuwa gida. Lucas ya kawo matarsa da 'yarsu Christy har tasha, ya ce bari ya koma shago ya ɗauko kan kekensa na ɗinki. Bai dawo ba.

Jirgi ya zo, ta ƙi shiga. Wani ya zo, ta ƙi. Ga yarinya kwance da zazzaɓi, ga shi an ce na gobe shi ne na ƙarshe, daga shi masu gadi za su janye. Na roƙe ta har na gaji. Ta ce, "Ba zan bar garin nan ban san inda yake ba."

Da hantsi aka shigo da wasu mahauta daga can ɗaya gefen gari. Dattijonsu, Baba Kallamu, yana bin mutane da 'yan tarkace a cikin hularsa, zobe, carbi, mabuɗi, yana cewa, "Wa ya san mai wannan?" Da ya zo kanmu na hango jan zaren kafin ita ta gani.

Ta miƙa hannu ta zaro tef ɗin.

"Baiwar Allah, naki ne?" in ji shi. "Sai haƙuri. A bayan kasuwa muka tsinci gawawwakinsu. Amma ki kwantar da hankalinki, mai wannan ya sami sutura. Mun yi masa wanka, mun yaga rawunanmu mun yi likkafani, mun sallace shi, mun kwantar da shi yana kallon alƙibla. Allah ya jiƙan Musulmi."

Na ce, "Baba, Kirista ne fa."

Tsohon nan ya dube ni, ya dube ta, sai ga shi zaune a ƙasa daɓas. "Innalillahi! Kaftani ne a jikinsa, da hula. Wallahi ko a raina ban kawo ba." Matan cocinsu suka matso. Ni dai na sadaƙar za a tashi rigima tsakaninmu, mu da ko fita ƙofar tasha ba ma iyawa.

Ta durƙusa gabansa. "Baba, kai ka wanke shi? Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Idonsa fa?"

"Na rufe masa."

"Kare bai taɓa shi ba?"

"Ko ɗaya."

Sai ta juya ta kwance ƙullin kayanta. Ashe ta bar tukwanenta da tandar waina a gida, tulun nan ta ɗauko. Ta kafa shi tsakanin gwiwoyinta ta fara duka, tana rerawa da iyakar muryarta cewa Yesu bai bar nasa a kwata ba, ya aiko masa da masu wanka, ta gode, ta gode. Hawaye na zuba, murya ba ta rawa. Wata mata a bayana ta ce, "Matar nan ta zare?" Matan zumunta suka ɗauki amshi ɗaya bayan ɗaya, har 'yan sanda suka leƙo su ga me ake murna a kai.

Baba Kallamu yana ta kuka yana neman gafara. Ta tsayar da kiɗan ta ce, "Baba, daina. Ubangijina ya san nasa ko ina aka juya fuskarsa. Ni ungulu nake tsoro, kai ka raba ni da su."

Washegari ita ta fara hawa jirgi, Christy a baya, tulu a ka.

A Kafanchan ta ƙare rayuwarta, tana toya waina kusa da tasha, ba ta sake aure ba. Bayan yaƙin basasa na bi ta can na gaishe ta. Tulun na jingine a ƙuryar ɗaki, tef ɗin naɗe a wuyansa. Na tsaya ina kallo, sai ta ce, "Na'Allah, zauna ka ci waina. Har yanzu warin albasa kake."