Anti Konadu da Karan-Ɗori

Tun Abenaa Konadu tana yarinya a unguwar Bantama da ke Kumasi uwarta ke cewa kamar an barbaɗa mata barkono a kujera. Ta shiga makarantar koyon jinya, ganin jini ya kayar da ita tun ba a je ko'ina ba. Ta koma koyon keken rubutu, malamar ta ce tana buga shi kamar mai dakan fufu. Daga nan ta sami aiki a wata ƙaramar mujallar likitoci a Kumasi, tana gyara Turancinsu kafin a kai maɗaba'a.

Duk cikin aikin, karan-ɗori ta fi ɗauka da zafi, ɗan layin nan da ke ɗaure kalma biyu su zama ɗaya. Misalinta kullum shi ne "small-bowel obstruction". Da layin, toshewar ƙaramin hanji ake nufi. In babu shi, wani zai ɗauka 'yar ƙaramar toshewa ce a hanji, ya yi sakaci. A tsaye take karatu, tana kai da komo tsakanin taga da ƙofa, jan biro a bayan kunne.

Mijinta Ampofo, tela ne, yakan ce, "Abenaa, ki sa mana layin nan tsakanina da ke mana, ko na riƙa ganinki a gida."

"In na ɗaure ka da ni, wa zai ɗaure maka baki?"

Tana dab da furfura aka kawo sabuwar edita, Dokta Nyarko. Ta kira ta ofis cikin ladabi, ta ce manyan mujallu sun daina sa layin a kalmomi irin "postoperative", wato bayan tiyata. A haɗe ake rubuta su yanzu.

"Anti, ba ke kika yi kuskure ba. Zamani ne ya juya."

"Don zamani ya juya, Dokta, sai kalmomi su manne kamar tuwon dokunu a ganye?"

Konadu ta gwada, ba ta ƙi ba. Amma hannu ya riga ya saba: ta sa, ta goge, ta sa, ta goge, har takarda ta ɓule. Rannan da rana tsaka ta ɗauki jakarta ta fice, ko sallama babu.

Sai ta koma rumfar atamfa ta ƙanwarta Pokuaa a kasuwar Kejetia. Nan ma zama ya gagara. Ta warware atamfa ta sake ninkewa, ta bi masu wucewa da kira, har ta tsallaka ta gyara wa mai maganin gargajiya allon tallarsa, aka kusa ba hammata iska.

"Yaya, don girman Allah ki je gida ki huta," in ji Pokuaa. "Kin kore mini masu saye, yanzu kuma maƙwabta."

A gida kujeru suka ga ta kansu, kullum da inda za su kwana.

Wata Lahadi bayan an taso coci Dokta Nyarko ta zo. Ba biko ta zo ba, don an riga an ɗauki wani. Ta ce wasu ungozomomi a garin Sunyani suna rubuta ɗan littafin koyar da sababbin ma'aikata, suna neman mai zama da su don gyara rubutun. Sharaɗi ɗaya: ta bi sabuwar ƙa'idar nan ta cire layi.

Suka yi ta musu har miya ta huce. Daga ƙarshe suka tsaya kan cewa duk inda ma'ana za ta karkace, layi ya zauna. Inda ado ne kawai, ya tafi. Konadu ta yi tsaki, ta ce an raba ta da rabin 'ya'yanta. Amma kafin baƙuwar ta kai bakin titi, Konadu ta fara haɗa kaya.

Ungozomomin sun sha fama da ita, ita ma ta sha da su, don ba mai barin ta ta taɓa jimla sai ta faɗi dalili. A nan ta gane bayani ya fi mata jan biro daɗi. Littafin ya fito. Yanzu da yamma ɗaliban jinya take koya wa rubuta rahoto, kuma an ce ta fara tambayar ranar da motar zuwa garin Wa ke tashi, don ta ji akwai masu rubutu a can.