Sunan Da Yaya Habi Ba Ta Taɓa Kira Ba

A watan Sha'aban ɗin nan ne Yaya Habi ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce makitsiyar layinmu a Koki. Duk wadda ta girma a wajen ta san tabarmarta a ƙarƙashin rumfa, ta san kibiyarta da kwalbar man shanu, ta kuma san ranƙwashinta idan kai ya cika motsi.

Mata ba kitso kaɗai ke kawo su ba. Mace za ta zauna ta ba Yaya baya, ta kwantar da kai a cinyarta, kafin a gama tsifa ta amayar da duk abin da ke cinta: mijin da ya daina magana, ɗan da ya fara bin banza, barcin da ya ƙaurace. Yaya ba ta cika ba da shawara ba. Sai dai ta ce, "Ina jin ki," ta ci gaba da tsaga. Ta taɓa gaya mini cewa mutum ya fi iya faɗin gaskiya idan ba a kallon idonsa. Ba a taɓa jin maganar wata ta fita daga rumfar nan ba.

Ɗanta na fari sunansa Auwalu, tela ne a Jakara. Kamar yadda muka tarar iyaye na yi, Yaya ba ta kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba yana jariri, ba ta yabe shi ba da ya girma. Innarmu ce ta raine shi, har ƙananan yara na zaton ƙanenmu ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi ana cikin shirin aurensa, kafin mako ya zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Ranar zaman makoki Inna aka kewaye, ita ake wa gaisuwa, ita ake rarrashi. Yaya tana gindin murhu tana raba wa baƙi abinci, idonta a bushe. Na ji da kunnena wata dattijuwa tana nuna ta ga 'yarta tana cewa, "Kin ga kara, kin ga tawakkali. Haka ake so." Mu ma haka muka gani, muka yi alfahari da ita. Don mu kiyaye mata kunyarta sai muka daina ambatonsa in tana wuri. Aka kwashe kekensa na ɗinki tun kafin arba'in, wai kada ta riƙa gani. Duk cikin ƙauna muka yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Ba rana ɗaya Yaya ta durƙushe ba. Da farko kitsonta ne ya daina zama, shuku ya fara karkacewa. Daga baya ta riƙa cewa hannu na ciwo, ta naɗe tabarmar. Abinci sai an tsare ta. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki tun hantsi tana kallon bango. Wasu suka ce hawan jini, wasu suka ce iska, aka karɓo magani, aka sha rubutu, aka yi turare. An yi mata komai ban da abin da ita ta yi wa matan unguwa shekara da shekaru. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to amma ciki ma yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Bara 'yata Zainabu ta haihu, jaririn ya kwana kaɗan ya koma. Na ga tana neman zama irin zaman Yaya. Mijinta ya kai ta asibiti wajen wata likita mai duba ciwon damuwa. Ba zan ɓoye ba, na yi tsaki. Na ce yanzu hira ma sai an hau Adaidaita an tafi asibiti? Da ta dawo na tambaye ta allura aka yi mata ko ƙwaya aka ba ta. Ta ce, "Umma, sunansa ta fara tambaya ta. Tun da aka binne shi babu wanda ya kira shi." Yanzu Zainabu ta koma koyarwarta, tana kuka wani lokaci, tana kuma cin abinci.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da wannan zamani. Na san za ta yi dariya ta ce an ƙwace mata sana'a, an sa mata farar riga. Za ta kuma yi tir da masu baza sirrinsu a waya duniya na kallo, don ita ba ta yarda da tonon silili ba. Amma ina jin da ta ga Zainabu ta miƙe, da ta yi shiru. Ban ce kara aibu ba ce, ita ta riƙe gidajenmu. Sai dai malamai sun sha faɗa mana cewa hawaye ba saɓo ba ne, mu ne muka ɗora wa kanmu abin da ba a ɗora mana ba.

A jinyar Yaya ta ƙarshe gashinta ya cukurkuɗe, na zaunar da ita in yi mata kalaba, ni da ban iya ba. Ta ba ni baya, ta kwantar da kai a cinyata. Ina cikin tsaga sai ta ce, "Uwani, ke bakinki ba a ɗaure yake ba. Faɗi sunansa in ji."

Na ce, "Auwalu."

Ta ce, "Sake faɗa."

Na yi ta faɗa har zanina ya jiƙe. Sannan ta fara ba ni labarinsa: yadda yake son ƙanzo, yadda takan ajiye masa a ƙasan tukunya ta ce wa Inna ragowa ne, yadda takan leƙa ta taga in ya fita don ta ga tafiyarsa. Shekara shida tana riƙe da wannan. Da mun sani, da tun ranar farko muka zaunar da ita, amma da na sani ƙeya ce. Ba ta kai azumi ba.

Kibiyarta na wurina, ban iya amfani da ita ba. Abin da na iya shi ne, idan na je gaisuwar mutuwa nakan gaida kaka, sannan in nemi uwar ko tana gindin murhu, in zauna kusa da ita, in kira sunan ɗanta. Allah ya jiƙan Auwalu, ya jiƙan Habiba, uwar Auwalu. Ba a taɓa kiranta haka tana raye ba.