Ranar da Mama Saratu Ta Zo Sallamar Yaranta

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, shekarun baya da na gama digirin digirgir na samu aikin bincike na kwantiragi a wani ƙaramin ɗakin gwaji a Kafanchan. Irin aikin nan ne da in ka fitar da sakamako a sabunta maka, in ba ka fitar ba ka tattara komatsanka. Kan tarin fuka muke aiki, yadda ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin huhu suke kokawa da cutar. Likita zai wanko ɗan ruwa daga huhun mara lafiya da yardarsa, ni kuma in tace ƙwayoyin in zuba a faranti, in sa a na'urar ɗumi, ina ba su abincinsu ina lura da su.

Cikin masu ba mu akwai Mama Saratu, wata tsohuwa mai noman citta daga wani ƙauye a bayan Kwoi, wadda 'ya'yanta duk sun riga ta gidan gaskiya. Ranar da na nuna mata ƙwayoyinta a allon kwamfuta suna rarrafe suna haɗiye cutar, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe tana da sauran yara a ciki ba ta sani ba. Daga nan duk zuwa karɓar magani sai ta leƙo ofis ta tambaye ni ko yaranta sun ci abinci.

To, na kowa kwanaki kaɗan suke yi su mutu, nata suka ƙi. Har ranar da wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, sauran farantan suka lalace, nata suna nan suna fama. Shugaban aikinmu ya ce in suka ƙara ɗan lokaci, to na samu abin rubutawa, kwantiragina ya tsira. Ana nan sai Mama ta daina zuwa, aka ce jiki ya yi nauyi, 'yan'uwa ke karɓar mata magani.

Wata Talata da rana tsaka ina ofis sai na gan ta tsaye a ƙofa cikin zanen zumuntar matan coci, fes da ita, ko tari babu. Na yi murna, na ba ta kujera ta ƙi zama, ta ce yaranta ta zo gani. Na kunna allon, ta ɗora tafinta a kai, sannan ta ce, "Kun yi ƙoƙari. Ku huta haka." Na shiga ciki in cire rigar aiki in raka ta tasha, na fito babu kowa. Da na koma kan farantin, wallahi, babu ko ɗaya mai motsi, duk sun saki sun taso sama.

Ranar Asabar na hau babur har ƙauyen. Na same ta kwance a tabarma, ta zama ƙashi da fata. Matar ɗan ƙaninta da ke jinyarta ta rantse mini Mama ta yi makonni ba ta taka ƙafa ba, kuma ranar Talatar da rana ta suma har aka kira fasto, da ta farfaɗo ta ce musu daga Kafanchan take. Ina durƙushe a gefenta, sai ta kama wuyan hannuna.

"Ɗana, ka yi haƙuri na ɓata maka aiki," in ji ta. "Ni na gaji, su ma sun gaji. Ba zan tafi in bar su suna faɗa su kaɗai ba."

Na ce babu komai Mama, hawaye na zuba. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Kwantiragin bai tsira ba, daga baya na samu wani a wani gari, kuma ban taɓa jin haushinta ba.

Na yi karatu iya gwargwado amma har yau ban san wace ce ta tsaya a ƙofata ba, kuma duk na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ku da ke aiki da jini ko majinar mutane, don Allah ku riƙa ɗauka a hankali. Abin da ke cikin kwalbar nan yana da mai shi, kuma ba ku san ko yana kallon ku ba.