Kunyar Kawu Iro a Kan Kwalta

A shekarar da aka rufe boda, 'yan garin Babura suka daina kawo mana shinkafa, a shekarar ce aka zuba wa hanyar unguwarmu kwalta, wadda ta fita daga Kazaure ta nufi Roni. Kowa ya yi murna, ban da Kawu Iro, wan mahaifiyata. Kun dai san shi. Ba ya tsallaka titi a kan keke. Sai ya sauka, ya duba gabas, ya duba yamma, ya tura keken yana kaɗa ƙararrawa, ko da kuwa babu ko kaza a hanya. In an yi masa dariya ya ce, "Titi ba shi da ɗan'uwa."

Ba a yi wata uku ba ɗan acaɓa ya kaɗe 'yata Hassana tana tsallakawa zuwa makaranta. Ƙafa ta karye, har yau tana ɗingishi. Ni na ce ƙaddara ce. Kawu ya ce, "Ƙaddara ce, Habu, amma da gudu ta zo."

Washegari ya bi gida gida yana kiran gayya, irin wadda ake yi wa gona. Ya sa aka dama fura, ya sayo goro. Mutane suka fito da garma suna tambayar wace gonar za a je. Ya nuna musu titi! Aka yi ta ɗebo jar ƙasa, aka ja kunya daga wannan baki zuwa wancan, Kawu ya bi ta da ƙafa yana daddanna ta kamar mai shirin dashen rogo. Sai ga Sabo direban bas ya taho daga Gwiwa, ya taka burki har fasinjoji suka yi salati.

Ya leƙo ya ce, "Baba, me za ka shuka a nan?"

Kawu ya ce, "Hankali. Na ga naku bai tsiro ba."

Kunyar ta yi aiki har damina ta faɗi. Ruwan farko ya kwashe ta. Ya sake kiran gayya. Tun ana fitowa mutum talatin, aka koma goma, aka koma ni da shi. Wallahi na gaji, amma wa zai ce wa Kawu ya gaji?

Wata rana yana dawowa daga cin kasuwa da buhun gero a bayan keke, ya manta da kunyar da ya ja da hannunsa. Keke ya yi sama, shi ya yi ƙasa, haƙora biyu suka fita. Na rugo na ɗaga shi ina cewa, "Sannu Kawu, sannu!" Ya tofar da jini, ya waiwaya ya dubi kunyar, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Ka gani? Tana aiki."

Da ya ga ƙasa ba ta jure ruwa, sai ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Ya zana titin a ƙasa da sanda: ga makaranta, ga masallaci, ga inda za a yi tudun siminti, ga gefen da za a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Kowa ya ce tsarin ya yi. Wani ma'aikaci da aka gayyato ya ce a kawo a rubuce. Kawu ya ƙi yarda wani ya rubuta, wai 'yan boko za su rage masa magana. Ya juyo kaina.

"Gobe za ka shiga ajin yaƙi da jahilci."

"Haba Kawu, ni da furfurata?"

"Da gemu ake riƙe biro?"

Haka na shiga. Sai da na yi fiye da shekara kafin na iya rubuta takardar, yana zaune a gefena yana cewa in ƙara girman baƙaƙen don kada su ce ba su gani ba. Muka kai ofis. Aka ce mu dawo bayan salla. A hanya na ce, "Kawu, wace sallar?" Ya ce, "Ba su faɗa ba, sai mu riƙa zuwa bayan kowacce." Kuma mun je. Ƙarama da babba, ba mu tsallake ko ɗaya ba.

Bara ya kwanta, kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa a kan shimfiɗarsa. Maƙabarta tana tsallaken titi, ruwa kuma ya riga ya cinye kunyar. Muka tsaya da makara a kafaɗa, tifa na wucewa, babura na wucewa, babu mai dubanmu. Wani a bayana ya ce, "Yau ma sai ya duba gabas da yamma." Dariya ta kusa ƙwace mana, ga hawaye. Sabo direba ne ya zo ya gindaya bas ɗinsa a tsakiyar titi, muka samu muka wuce.

Ranar sadakar bakwai Sabo ya dawo da garma a bayan mota. Ba wanda ya kira gayya. Muka ja kunyar, Hassana ta kawo mana ruwa. Na san damina za ta ɗauke ta, takardarmu kuma tana can inda muka bar ta.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya sa ya tsallaka siraɗi lafiya, ba tare da jira ba. Amin.

Abin da titin nan ya ci a sanina: kunya biyar, garma biyu, ƙafar keke ɗaya, haƙora biyu, awaki huɗu, da lafiyar ƙafar Hassana.