Binciken da Aka Yi Mini Saboda Kwikwiyo

Duk wanda yake son ya san ɗan Adam ciki da bai, to ya ajiye littattafan falsafa, ya je ya dubi hancin karen nan da ake kira buldog na Faransa. Tarihinmu kaf yana nan a rubuce. Allah ya halicci dabba mai dogon baki tana farauta a dawa, mu kuma muka yi ta zaɓe muna haɗawa, zuriya bayan zuriya, har muka tura mata hancin cikin fuska. Ta koma ba ta numfashi sai da gurnani, ba ta haihuwa sai likita ya yi mata tiyata. Da muka ga aiki ya yi kyau, sai muka saya mata na'urar sanyaya ɗaki, muka kawo ta Jidda, garin da ƙadangare ma yake neman inuwa.

Wannan jawabi na sha yi wa ɗalibaina. Ni Bazazzagi ne, kwantiragin koyar da ilimin halittu ya kawo ni wata makarantar kuɗi, muna zaune da matata a wani bene a unguwar Waziriyya. A garinmu tsakanin mutumin kirki da kare kalma ɗaya ce, wato "kai", sai kuma dutse idan bai ji ba.

A wata walimar suna a unguwar Mahjar na haɗu da wani dattijo. Bahaushe ne haifaffen Jidda, kakansa ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Ya yi ritaya daga aikin harhaɗa magunguna. Hausarsa tana nan, sai dai ta sha ruwan Hijaz.

"Ustaz, an ce kai kake koyar da yadda ɗa ke ɗauko kamannin iyaye," in ji shi. "Idan hancin uwa a buɗe yake, na uba a matse, 'ya'ya wa za su biyo?"

Na ce, "Baba, jikoki ne?"

"Jikokina hancinsu lafiya lau. Zo gida ka gani."

Na je, ashe buldog na Faransa yake kiwo. Karnukan ba a cikin gida suke ba, ya gina musu ɗakinsu a tsakar gida, da mukayyif biyu, wato na'urar sanyi, don idan ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. A bakin famfo akwai bokitin ƙasa mai tsabta. Mazhabar mutanen garin yake bi, saboda haka duk lokacin da kare ya lashe shi sai ya wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Karnukan nan kuwa ba su da sana'a sai lasa. Rabin yininsa a bakin famfo yake yi.

"Ku Malikawa Allah ya hutar da ku," ya ce, yana goga ƙasa a hannu. "An ba ku rahama, kun ƙi amfani da ita."

Na zo da niyyar yin dariya, amma tsarin mutumin ya ɗaure mini kai. Ba kasuwanci yake ba, sha'awa ce. Kafin ya haɗa mace da namiji sai likitan dabbobi ya duba zuciya da ƙashin baya. Sannan shi da kansa ya zagaya da karen a tsakar gida, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya kasa kunne. Wanda numfashinsa ya yi ƙara kamar tsohon babur, ko da kyansa ya kai ina, ya fita daga layin aure ke nan. Mace haihuwa biyu take yi ya sallame ta, ta ci gaba da cin abinci tana minshari har ƙarshen rayuwarta. Na san ma'aikatun da ba su kai shi kula da 'yan fansho ba.

Wani lokaci yakan kai su gasar nuna karnuka a ƙasashen maƙwabta. A can alƙalai lafaffiyar fuska suke so, shi kuma numfashi yake so, saboda haka yakan dawo da lambar yabo jefi-jefi, da ƙorafi kullum.

Na zama ɗan gida. Ranar Asabar nakan je in zana masa jadawalin gadon halitta a takarda, shi kuma ya ba ni shayi ya yi abin da ya ga dama. A haihuwar da aka yi ina nan, aka samu wani kwikwiyo baƙi mai farin ƙirji wanda hancinsa ya ɗan fito waje.

"Wannan alƙalai ba za su dube shi ba," in ji dattijon. "Amma saurara."

Na saurara. Ban ji komai ba.

"To shi ne," ya ce.

Kwikwiyon ya tako da kunnuwansa irin na jemage, ya hau kan takalmina, ya yi barci. Ban ce masa "kai" ba. Abin da ya biyo baya ba shi da bayani a ilimin halittu. Na koma gida ina son kare.

Matata na fara tunkara, kuma na shirya mata kamar mai shiga muƙabala. Na bayyana mata cewa a mazhabarmu duk mai rai tsarkakakke ne. Na kawo saɓanin malamai, na jera shi daki-daki.

"To mala'iku fa, Malam?" ta ce.

"An yi rangwame ga karen gadi."

Ta karɓi wayata ta dubi hoton. "Wannan ne zai yi gadi? Wa zai yi gadinsa shi?"

Na ci gaba da hujja har shayina ya huce. A ƙarshe ta ce, "To, Malam." Na ɗauka na yi nasara, duk da na shekara ashirin da wani abu ina jin wannan "to" ɗin.

Saura dattijon. Ashe ba a zuwa wurinsa a ce a ba ni. Bincike yake yi irin na kakanninsa, wanda ake yi wa mai neman aure, inda ba a tambayar mutum halinsa, sai a zagaya a tambayi maƙwabta. Mai gadin benenmu, wani ɗan Chadi, ya tare ni yana murmushi, ya ce wani tsoho ya zo yana tambaya ko ina da faɗa, kuma ko ina barin mukayyif a kunne idan na fita. Mai baƙala ma, wato kantin unguwarmu, an je masa. Ni kuma dattijon ya zaunar da ni ya tambayi saura wata nawa iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ƙare, wa zai riƙe kare idan na tafi hutu, kuma idan na koma Zariya gaba ɗaya yaya zancen wuta.

Na ce, "Baba, akwai sola."

"Akwai, ko za a saka?"

Lokacin da na nemi auren matata, ba a tsananta mini haka ba. Amma na daure, don kwikwiyon ya fara gane ƙarar motata.

Ana cikin haka, a tsakiyar watannin zafi, ya kira ni ya ce in kai shi Balad, tsohuwar unguwar Jidda, zai sayi turaren wuta. Na ɗauke shi, na ƙure sanyi, ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya yi sayayyarsa, muka dawo mota, sai aka kira la'asar. Ya ce gwiwarsa ba za ta hau matakalar masallacin nan ba, zai yi tasa a gida, ni in je. Na yi abin da kowane ɗan Zariya yake yi tun da aka ƙirƙiro mota: na kashe inji, na sauke gilashi kamar faɗin yatsu huɗu don iskar Allah ta shiga, na zare makulli na sa a aljihu. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Limamin kuma bai kasance mai gaggawa ba.

Da na fito, na tarar da shi a tsaye a inuwar wani tsohon gidan dutse, farar rigarsa ta manne masa a baya, yana riƙe da ledar turarensa.

"Baba, ai na bar maka taga."

Ya dube ni, ya dubi motar. "Ni na iya buɗe ƙofa, ustaz."

Na mayar da shi har ƙofar gidansa. Yana fita ya ce, "Zancen kwikwiyon nan, khalas. Ka yi haƙuri." Aka ba wata ma'aikaciyar jinya kwikwiyon.

Na yi baƙin ciki irin wanda ba a kai wa kowa, don babu Bahaushen da zai yi maka jaje a kan kare. Amma na ɗauki darasi, kuma malamin makaranta idan ya samu darasi ba ya barinsa ya huta. Na fahimci tafiyar Balad jarrabawa ce, tsohon ya sa jikinsa a madadin kwikwiyon, ya gwada ni a inda baki ba ya iya kare mutum. Na sa labarin a jawabina na hancin kare, a ƙarƙashin babin amana. Na canza hali. Yau ko tumatir na bari a mota, sai na waiwaya.

Bara muka sake haɗuwa a wata walima a Mahjar, ni da shi a kan faranti ɗaya. Na ga lokaci ya yi da zan gode masa a gaban mutane. Na ba da labarin tiryan-tiryan, na rufe da cewa ban taɓa ganin jarrabawa mai hikima irin wannan ba.

Ya tsame hannu daga shinkafa. "Wace jarrabawa? Turare na je saya, ka kusa kashe ni."

"To me ya sa ka hana ni a ranar?"

"Ina ta neman yadda zan gaya maka ne, ya ustaz. Da na ji haushi sai ya zo da sauƙi."

Ashe tun mako guda kafin tafiyar Balad, matata ta buga wa matarsa waya ta ce kare ba zai taka mata darduma ba.